Mai Awon Ƙanƙara

Shekara talatin da ɗaya ina huda bayan kogin Lena,
in zura sanda, in karanta, in rubuta.
Sunana Michil. A Yakutsk ba mai tambayar lafiyata,
sai dai a ce: Yau kaurinta taƙi nawa?

Janairu ba ya wasa da kowa.
Hamsin ƙasa da sifiri, wani lokaci da 'yan kai.
Numfashi ya fito, ya daskare, ya zubo
da 'yar ƙara kamar ana sheƙar hatsi.
Gashin ido ya yi furfura kafin ka kai bakin titi.
A kasuwa kifaye na tsaye kamar itacen girki,
Sardaana mai sayarwa ta ɗauki biyu ta gwara,
su amsa kamar ƙarfe, ta yi dariya cikin mayafi.
Ba a kashe mota a waje.
Wanda ya kashe, sai Afrilu za su sake gaisawa.

Amma ni ɗarin nan aminina ne.
Shi ke shimfiɗa hanya a kan ruwa,
manyan motoci su bi da gari da mai da magani,
ni ma in bi bayansu
in je ƙetare wurin 'yata Tuyaara.

Mayu ya zo, kogi ya yi miƙa.
Cikin dare ka ji kamar ana fasa duwatsu:
ƙanƙara ta tsage, ta hau 'yar'uwarta,
ta yi arewa da hanyar da na yi watanni ina reno.
Babu mota, jirgin fito bai fara ba.
Ina nan, tana can, sai waya.

Yuli kuwa, wa zai gaskata?
Talatin da biyar a inuwa, kwalta ta yi laushi,
sauro ya fito kamar yana bin mu bashi,
rana ta leƙa ƙasa ta fasa faɗuwa.
Mutumin da ya sha hamsin bai girgiza ba
ga shi yana fifita da jarida.
Marigayiya matata Kunney takan ce
garin nan bai san tsaka-tsaki ba,
ko ya cije ka, ko ya gasa ka.
Ta shuka kokwamba a Yuni, ta tsinke a Agusta
da sauri, kamar mai sata a gonar kanta.

Bana ne cikina ya ɗuri ruwa.
Nuwamba ya raba, sandata na shiga ba gardama.
Na jawo tsoffin littattafaina, na jera shekaru:
ranar buɗe hanya sai ƙara jinkiri take,
kwana biyu, kwana huɗu,
kamar baƙon da ya soma gajiya da zumunci.
Gidan maƙwabcina ya karkata,
ƙasar da ke riƙe da ginshiƙansa ta fara saki.

Sai ga kiran Tuyaara. Ta sauka, namiji.
Baba, yaushe?
Na dubi ramin, baƙin ruwa na numfashi a ciki.
Na ce: Saura taƙi guda.

Direba Aytal ya kawo mini shayi mai madara,
ya ce: Ƙara lamba biyu mana, wa zai sani?
Na ce: Kogi ya iya karatu.
Ya karɓi kofinsa ya tafi ba sallama.

Jiya da dare na fita ba hula, minti ɗaya tak,
kunnena ya ɗau zafi kamar an ɗosa masa garwashi.
Arba'in da biyu.
Na tsaya ina dariya ni kaɗai a tsakar gida.
Na koma ciki, na ɗauko ɗan takalmin fatar nan
da Kunney ta ɗinka tun babu labarinsa,
na sa a aljihu, kusa da littafin awo.

Gobe da asuba zan sake hudawa.